Ruwan Sama Na Wane Ne? Bukukuwan Kakanni da Sujadar Mai Bi

Ɗan'uwana mai karatu, in kai ɗan Tsiga ne, ko Bakori, ko Kafur, ko wani ƙauye tsakanin Funtuwa da Malumfashi, ka riga ka sani shekarar manomi ba a watan Janairu take farawa ba. Tana farawa ne ran da hadari ya haɗo daga gabas, ƙasa ta yi ƙamshi, maigida ya ciro iri daga rumbu. Tana ƙarewa ran da aka ɗaure damin ƙarshe. Tsakanin waɗannan ranaku biyu akwai wata fargaba wadda mai cin albashi bai san ta ba. Ruwa yana iya ɗaukewa bayan shuka ta tsiro. Ƙuduji yana iya shanye dawa tun ba ta yi kai ba. Ciwo yana iya kwantar da majiyin ƙarfin gida a tsakiyar noman farko. A kan wannan fargaba aka kafa yawancin bukukuwan da kakanninmu suka yi kafin bishara ta iso ƙofar gidajensu, kuma wanda bai gane haka ba zai yi ta faɗa da ganga da rawa, ya bar ainihin abin yana kwance a zuciya.

Bari mu faɗi gaskiya game da su, gama an umarce mu mu girmama iyaye, girmamawa kuwa ba ta tafiya tare da ƙage. Mutanen da ake kira Maguzawa ba su yi musun akwai Allah ba. Sun san shi ne Mahalicci. Sai dai sun ɗauka ya yi nisa, kamar sarkin da talaka ba ya ganinsa sai ta hannun dagaci da mai unguwa. Na kusa su ne iskoki: Kure, Doguwa, Uwar Gona, Gajimare, Sarkin Rafi da ire-irensu. Kowace zuriya tana da nata da ta gāda, kowane iska kuma yana da irin dabbar da yake karɓa da launinta, wani baƙin bunsuru, wani jan zakara, wani farin rago. Maigida ne yake yanka, a gindin tsamiya ko kuka, ko a kan dutse, ko a jikin jigon da aka kafa a cikin gida. Jinin na iska ne, naman na iyali. Ana yi gab da shuka domin gona ta ba da baya, a kuma yi da kaka domin kada a ci amfani ba a sallami mai shi ba. Da rani akwai buɗar dawa, wadda wasu ke kira buɗin daji, ranar da ake buɗe wa mafarauta jeji, masu duba kuma su faɗi yadda shekara za ta kasance. Har yanzu ana yin irinta a wajen Birnin Ƙonni a ƙasar Nijar. Wani Ba'amurke mai suna Joseph Greenberg ya zauna cikin Maguzawan ƙasar Kano a 1938 zuwa 1939, ya fitar da littafi a kansu a 1946, wani Baturen Ingila kuma, Murray Last, ya zauna a gidan Maguzawa a nan ƙasar Malumfashi wajen 1970. Amma kai ba ka bukatar littafinsu. Watakila kakarka ta ba ka labarin nan dalla-dalla, har da sunan itacen.

Abin ya daɗe ƙwarai. Littafin tarihin sarakunan Kano, wanda H. R. Palmer ya fassara zuwa Turanci a 1908, ya buɗe ne da labarin Barbushe, mai tsafin Tsumburbura a Dutsen Dala. Itace ne aka kewaye da katanga, ba mai shiga sai shi kaɗai. In lokacin bikin ya zo, jama'a su taru a gindin dutsen da baƙaƙen karnuka da baƙaƙen kaji da baƙaƙen bunsuraye, shi kuwa ya sauko da duhu tare da makaɗa, ya shiga, ya fito ya gaya musu abin da zai faru cikin shekara. Duba fasalin da kyau: jini, dare, da labarin gobe. Daga baya sarakunan Kano suka rushe wurin. Ƙarnuka suka shuɗe, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi rubutu mai zafi a kan masu yanka wa itatuwa da duwatsu, jihadi ya tashi a 1804, Birnin Katsina ya faɗa hannun Malam Ummarun Dallaje bayan 'yan shekaru. Duk da haka jigo bai ɓace daga gidajen gona ba. An bar Maguzawa suna noma suna biyan jiziya, suna kuma yankansu. An iya sare itacen Dala, amma damina ba ta daina ba mutane tsoro ba.

A nan ne tarihinmu ya gamu da na Isra'ila, gamuwar da takan ba ni mamaki kullum in na karanta. A Maimaitawar Shari'a sura 11, Musa ya faɗakar da jama'a cewa ƙasar da za su shiga ta bambanta da Masar. A Masar noman rani ake yi, akwai Kogin Nilu, mutum ya ja ruwa zuwa fangalinsa da ƙarfin kansa. Kan'ana kuwa ƙasar tuddai ce, ruwan sama take jira, na farko da na ƙarshe. Da ma a ce Musa yana kwatanta fadama da tudu ne a ƙasar Bakori. Nan take, a cikin surar, ya haɗa maganar ruwa da gargaɗi a kan bautar gumaka, domin ya san ta wace ƙofa jarabar za ta shigo. Isra'ilawa makiyaya ne da suka fito daga jeji, Kan'aniyawa kuwa tsofaffin manoma ne. Baƙo yakan tambayi ɗan gari yadda ake noma a wurin, ɗan gari kuwa zai nuna masa lokacin shuka, ya nuna masa iri, ya kuma nuna masa bagaden Ba'al, duka a darasi ɗaya. Allunan yumɓu da aka tono a Ras Shamra, a gaɓar tekun Siriya, tun daga 1929 sun tabbatar da cewa Ba'al a wurin mutanen nan shi ne mai hadari da tsawa da ruwa.

Saboda haka kada ka zaci Isra'ila sun tashi wata rana da safe suka ce sun bar Ubangiji. Da wuya suka taɓa faɗin haka. Raba aiki suka yi. Ubangiji shi ne na yaƙi da manyan al'amura, wanda ya raba Bahar Maliya, Ba'al kuwa na gona ne. Ta bakin annabi Yusha'u, a sura ta biyu, Allah ya yi kuka irin na mijin da matarsa take karɓar hatsi da mai daga hannunsa, ta je tana yi wa wani godiya. A zamanin Ahab, da Iliya ya tashi yin faɗa da Ba'al, bai zaɓi wani fage ba sai na ruwa: sama ta rufe shekara uku da rabi. A Dutsen Karmel kuwa laifin da ya ɗora wa jama'a shi ne raba ƙafa. Wanda ya hau tsakanin jakai biyu, ka san inda zai kwana.

Amma nassin da ya fi taɓa halinmu yana cikin Irmiya sura 44. Bayan faɗuwar Urushalima, waɗanda suka gudu Masar sun tsaya gaban annabin, maza da mata, suka ce za su koma ƙona turare da toya waina domin gunkiyar da suke kira Sarauniyar Sama. Hujjarsu kuwa ita ce, lokacin da suke yi mata hidima suna cin abinci su ƙoshi, tun da suka daina kuwa masifa ba ta sake su ba. Ashe ba ka taɓa jin wannan magana ba? Wace ikkilisiya ce a karkararmu ba a taɓa gaya wa sabon mai bi cewa tun da ya hana a yi wa gona yanka ne yaro ya kwanta, ko saniya ta mutu, ko rumbu ya ƙi cika ba? Mai faɗin haka sau da yawa ba mugu ba ne. Tsoho ne da ya lissafa shekaru, ya ga kamar lissafinsa ya fita. Irmiya bai ce musu ba su sha wahala ba. Ya ce sun karanta tarihin a juye ne: abin da suke kira magani shi ne ya jawo cutar, haƙurin Allah na shekaru masu yawa kuma suka ɗauka albarkar gunki ce.

To, me Allah ya yi da kalandar manomi? Bai soke ta ba. Manyan idodi uku da ya ba Isra'ila duka a kan gona suke zaune. Idin Abinci Marar Yisti yana zuwa da fara girbin sha'ir, Idin Makonni da girbin alkama, Idin Bukkoki da tattara amfanin shekara. Lokacin kusan ɗaya ne da na maƙwabtansu, gama hatsi ba ya nuna sau biyu domin bambancin addini. Akwai ci, akwai sha, akwai murna ta kwana bakwai. Abin da ya sāke shi ne mai bikin da kuma dalilinsa. A Maimaitawar Shari'a sura 26, manomi yakan kawo nunan fari cikin kwando, ya ajiye gaban bagade, sa'an nan ya ba da tarihi: kakansa mai yawo ne marar ƙasa, zuriyarsa ta sha bauta a Masar, Ubangiji ya ji kukansu ya fisshe su, ya ba su wannan ƙasa. Mai yi wa iska yanka yana biya ne tun kafin a yi masa aiki, ko kuwa yana toshe bakin wanda yake tsoro. Mai kwandon nan yana kawo godiya a kan abin da aka riga aka ba shi kyauta.

Yanzu ga wani sashe na tarihin da ya fi wuyar ji, domin ya shafe mu da muke cikin majami'a. Ran da Haruna ya ƙera ɗan maraƙin zinariya, bai yi shelar idin wani baƙon allah ba. Karanta Fitowa 32 da kyau, za ka ga da sunan Ubangiji ya kira bikin. Yerobowam ma, da ya ji tsoron kada jama'arsa su riƙa zuwa Urushalima, sai ya kafa maruƙa a Betel da Dan, ya ƙago idi a rana ta goma sha biyar ga wata na takwas, kwaikwayon na Yahuza. Macijin tagulla da Musa ya yi a jeji bisa ga umarnin Allah kansa, bayan ɗaruruwan shekaru aka same shi ana ƙona masa turare, sai da sarki Hezekiya ya farfashe shi. Gidiyon da ya rushe bagaden Ba'al na gidan mahaifinsa, shi ne kuma daga baya ya yi falmaran na zinariya wanda ya zama tarko gare shi da gidansa.

Ƙasar Hausa tana da nata misali. Tarihin Kano ya ambaci wani abu da ake kira Dirki, wanda aka naɗe da fatu, sarakuna suna yanka masa shanu in gari ya shiga uku. A zamanin Sarki Alwali, na ƙarshe kafin jihadi, aka sa gatari aka fasa shi, sai ga Alƙur'ani a ciki. Littafin da aka ba mutane domin karatu, an rufe shi an mai da shi abin zuba wa jini, abin da malaman Musulunci kansu ba su yarda da shi ba. Ban kawo wannan domin mu nuna wa kowa yatsa ba. Na kawo shi ne domin ka duba ƙarƙashin matashin kanka. Littafi Mai Tsarki da ba a buɗewa da rana amma ake kwana a kansa domin korar mayu, ina bambancinsa da Dirki? Kwalbar mai da aka saya da tsada a wurin taron wani mai wa'azi, ana yayyafawa a kusurwa huɗu na gona daidai inda kaka yake binne ƙaho, wa aka dogara gare shi a nan? Tsohon tsafi yana da sauƙin ganewa, yana da gashin kaza da busasshen jini. Wanda aka yi wa baftisma ya fi shi wuyar kamawa.

Ikkilisiyar farko ta sha wannan gwagwarmaya a birane. A Koranti kusan kowane biki, na aure ko na ƙungiyar masu sana'a, yana da yanka a ciki, naman da ya ragu kuma yana ƙarewa a kasuwa. Amsar da manzo Bulus ya bayar a 1 Korantiyawa sura 8 zuwa 10 ta fi abin da masu zafi ke so sauƙi, ta kuma fi abin da masu sanyi ke so tsanani. Naman kasuwa, ya ce a saya a ci ba tare da bincike ba, gama duniya da abin da ke cikinta na Ubangiji ne. In marar bi ya gayyace ka gidansa, kana kuwa so ka je, ka je ka ci abin da aka sa a gabanka. In wani ya ce maka wannan na hadaya ne, ka janye hannu saboda shi. Amma zama a teburin gunki a wurin da ake miƙa hadayar, wannan ya hana sam, domin wanda ya ci Jibin Ubangiji ba shi da wani teburin tarayya kuma. Masu bi sun riƙe wannan da gaske har ya taɓa ciniki. Wajen shekara ta 112, Filini, gwamnan Bitiniya, ya rubuta wa sarkin Roma Tirajan cewa kafin ya fara hukunta Kirista, haikalai sun kusa zama kango, naman hadaya kuma da ƙyar yake samun mai saye. Amma kada mu mai da su mala'iku. Wajen shekara ta 200, Tartuliyan na Kartaj a Afirka ta Arewa yana ƙorafi cewa 'yan'uwa suna shiga bukukuwan ƙarshen shekara na Romawa, suna kunna fitilu a ƙofofinsu kamar kowa.

Wannan ya kawo mu ga tambayar da matasa ke yawan kawowa yanzu, musamman waɗanda suka ji ta a waya: wai Kirsimeti ma bikin arna ne? Ga abin da tarihi ya tabbatar. Littafi Mai Tsarki bai faɗi ranar haihuwar Yesu ba, bai kuma umarta a kiyaye ta ba. Shaida ta farko a rubuce cewa ikkilisiyar Roma tana kiyaye 25 ga Disamba tana komawa ga shekara ta 336. Romawa suna da bikin Saturnaliya da ke farawa 17 ga Disamba, sarki Aureliyan kuma ya gina wa rana haikali a 274. Waɗansu masana sun ce ikkilisiya ta zaɓi lokacin ne domin ta janye mutane daga waɗancan bukukuwa. Waɗansu sun ce lissafi ne: an ɗauka an yi cikinsa 25 ga Maris, aka ƙirga wata tara. Akwai kuma masu tsoron Allah da suka ƙi bikin ɗungum. Majalisar Ingila ta hana shi a 1647, a Masacuset ta Amurka kuma daga 1659 zuwa 1681 tarar sule biyar ake ci wa wanda ya kiyaye shi. Ni dai a ganina, asalin kwanan wata ba shi ne alƙali ba. Ba ranar da Shaiɗan ya halitta. Romawa sura 14 ta bar wa lamirin kowa maganar fifita wata rana, muddin domin Ubangiji yake yi, Kolosiyawa sura 2 kuma ta hana mu yanke wa juna hukunci a kan idi. Wanda ya ƙi Kirsimeti saboda lamirinsa, kada a yi masa dariya. Wanda ya kiyaye, a tambaye shi wa ake ɗaukakawa a gidansa ran nan. In an sayar da buhun masarar da za a ci da bazara domin ɗinkin gasa, in matasa sun fita daga sujada suka zarce gidan burkutu, to, ba laifin Aureliyan ba ne. Manzo ya kira kwaɗayi bautar gumaka, wannan gunki kuwa ba ya bukatar jigo.

Mu dawo gida. Bishara ta daɗe a hanya kafin ta iso mu. Dokta Walter Miller ya zauna a Zariya daga 1905, aikin ya koma Wusasa wajen 1929, cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa ya fito a 1932. A shekarun 1930 aka fara barin mishan ta SIM ta shiga masarautun Arewa ta hanyar jinyar kutare, kamar a Babbar Ruga kusa da Katsina. ECWA ta tsaya da ƙafarta a 1954, masu bishara 'yan ƙasa suka riƙa shiga ƙauyuka da keke da ƙafa, Katolika kuma suka kafu a Malumfashi. Amma sai a shekarun 1970 ne gidajen Maguzawa da yawa suka juyo, waɗansu zuwa Musulunci, waɗansu zuwa ga Almasihu. Dubi abin da ya faru a shekarun nan. An yi babban fari a 1973. Shirin bunƙasa noma na Funtuwa ya fara a 1975 da taimakon Bankin Duniya, takin zamani da sabon irin masara suka bazu. Makarantar firamare kyauta ga kowa ta zo a 1976. Muna gode wa Allah da ya yi aiki ta cikin waɗannan duka. Sai dai akwai abin lura. Mutum yana iya barin Uwar Gona domin ya sami Almasihu, yana kuma iya barinta domin ya sami buhun taki wanda ya fi ta aiki. Daga waje su biyun ɗaya ne, benci ɗaya suke zama ran Lahadi. Shekarar da taki ya fi ƙarfin aljihu, ita take rarrabe su.

Kada kuma mu manta da abin da na farkon suka biya. A tsarin gandu, ɗa yana noma gonar uba, yana ci daga rumbun uba. In ranar yanka ta zo ya ƙi riƙe ƙafar bunsuru, a idon gida ba iska kaɗai ya ƙi ba, ubansa ya ƙi, ya kuma jefa 'yan'uwansa cikin hatsari. Akwai waɗanda aka ware wa tukunya, akwai waɗanda suka rasa gona ko matar da aka yi musu alkawari. Gidiyon ma da dare ya rushe bagaden nan saboda tsoron mutanen gidansu, Littafin kuwa bai ɓoye tsoronsa ba. Abin ban sha'awa shi ne, da gari ya waye aka zo kashe shi, mahaifinsa Yowash, mai bagaden, shi ne ya tsaya masa, ya ce a bar Ba'al ya rama wa kansa in ya isa.

Kai fa, da kake da kawu ko gwaggo da ba su karɓi bangaskiya ba tukuna? Hanyar Koranti tana nan. In ana gayya, ka riga kowa zuwa da fartanyarka. In ana biki ko suna ko zaman makoki, ka je, ka kai gudunmawa, ka ci tuwo. Kalankuwa da sauran wasannin kaka, inda ba yanka ba kiran iska, a auna su da ma'aunin kamewa da tsarki kamar kowane taron samari da 'yan mata, ba sai an laƙa musu sunan tsafi ba. Naman da maƙwabcinka Musulmi ya aiko da Babbar Salla magana ce dabam, gama shi ba gunki ya yanka wa ba. Masu bi da yawa suna karɓa da godiya, su ma su aika da abinci ran Kirsimeti, wanda kuwa lamirinsa bai ba shi ba, ya ƙi cikin ladabi. Amma in an ce a tara kuɗin baƙin bunsuru domin gona ko domin marar lafiya, hannunka ba ya ciki, ko da naira ɗaya. Ka faɗa a sarari, ka durƙusa in babba ne, sa'an nan ka ɗauki kuɗin da ya fi wannan ka kai marar lafiyan asibiti, domin kada a ce rowa ce ta sa ka fake da addini.

Jarabar da ta fi ƙarfi a kwanakin nan ba ta zuwa da ganga. Tun da 'yan bindiga suka addabi kudancin Katsina, ana ɗauke mutum a gona, ana sa wa ƙauye haraji kafin ya girbe abin da ya shuka, tsohuwar fargaba ta dawo da sabuwar riga. Yaron da aka yi wa baftisma, yana cikin ƙungiyar mawaƙa, sai ka gan shi da guru a ƙugu da layu a damtse, an ba shi na sha da na wanka, an ce ya kawo baƙin zakara. Ba na raina masu kwana a waje domin mu yi barci. Nehemiya ya yi addu'a, ya kuma sa matsara dare da rana, bai ga saɓani tsakanin biyun ba. Amma zakaran nan da aka yanka, wa aka ba jininsa? Rabon aikin nan ne na zamanin Ahab ya dawo: Yesu na ran Lahadi da na ranar mutuwa, wani kuma na hanyar gona. Iyaye mata da yawa sun san abin da ke ƙarƙashin rigar 'ya'yansu, sun yi shiru domin suna so su dawo da rai. Wannan shiru ba a warkar da shi da tsawa daga bagadi. Sai dattawan ikkilisiya sun zauna da samarin nan, sun ji tsoronsu, sun yi addu'a da su kafin su fita, sun kuma riƙe matan waɗanda ba su dawo ba.

Ga kaka tana zuwa, ikkilisiyoyi za su sa ranar godiya. Za a shigo da dammunan dawa da buhunan masara da waken suya, zumuntar mata da ƙwarya a ka, ana waƙa. Ina roƙonka ka sa a karanta Maimaitawar Shari'a sura 16 a ranar, a ji waɗanda Allah ya lissafa cikin masu cin idi: 'ya'ya, barori, Balawe, baƙo, maraya da gwauruwa. A bana baƙon yana iya zama iyalin da suka gudo daga ƙauyen da aka ƙone, suna kwana a ajin makaranta. A ware nasu kafin a yi gwanjon sauran. Kafin a rufe sujada, a ba wani tsoho ko wata tsohuwa dama su ba da tarihi kamar mai kwandon nan, su faɗi sunan itacen da ake yanka a gindinsa, da wanda ya fara kawo bishara gidan, da shekarar da aka tumɓuke jigo, domin yara su ji daga bakin da ya gani. Da yamma kuma, in an tuƙa tuwon sabuwar dawa, ka aiki yaro ya kira kawun nan naka da bai tuba ba, ka shimfiɗa masa tabarma a wurin manya. In ya tambayi dalilin taron, kana da abin da Bulus ya gaya wa manoman Listira a Ayyukan Manzanni sura 14, sa'ad da suka jawo bijimai za su yi masa yanka: cewa Allahn da ya yi sama da ƙasa bai taɓa barin kansa ba shaida a cikinsu ba, shi ne yake aiko musu da ruwa da damina mai albarka tun zamanin kakanninsu, tun ba su san sunansa ba. Ka faɗa masa haka, ka tura masa kwanon miya kusa.